Babi na Shida: Me Ya Sa Kocinmu Ba Ya Daɗewa a Kujerarsa?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Tudun Jukun, ko Gyallesu, ko Tudun Wada a Zariya, ranar da aka lallasa ƙungiyar da jama'a ke so, ya san hukuncin da ake yankewa tun alƙalin wasa bai hura usur na tashi ba: a kori koci. In an yi nasara, sunan wanda ya zura ƙwallo ake ta kira har a watse. In an sha kashi, sai kowa ya koma kan mutumin da ke tsaye a bakin layi, wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallon ba ko sau ɗaya. Daga nan tambayar da masu kallo ke yi wa juna ta samo asali. Wai mene ne aikin koci, tunda ba shi ke buga wasan ba? Kuma me ya sa namu na gida ba sa daɗewa a wuri guda, yau suna Kano, baɗi suna Aba, baɗin baɗaɗa suna zaune a gida suna jiran waya? Amsar da wannan babi zai tsaya a kanta ita ce, a Najeriya ana ɗora wa koci alhakin sakamako, amma ana hana shi abin da ake samun sakamakon da shi, musamman lokaci da ikon zaɓen wanda zai buga masa wasa.

Aikin da mai kallo ba ya gani

Minti 90 ɗin da ake nunawa a talabijin su ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Kafin su akwai mako guda na atisaye, inda koci zai auna wane ne jikinsa ya murmure daga wasan baya, wane ne ke ɓoye rauni don kada a ajiye shi a benci, ta wane gefe abokan karawa suka fi kai hari, wa zai tsare wa idan an zo bugun kwana. Wannan kowane koci a duniya yana yin sa. Na Najeriya yana da ƙarin kaya. Gasar Firimiyar ƙasar nan ƙungiyoyi 20 ne ke buga ta, kowace wasa 38 a kaka, kuma yawancin tafiye-tafiyen a mota ake yin su. Ƙungiyar da ta taso daga Maiduguri ko Katsina zuwa Uyo ko Fatakwal za ta shafe fiye da kilomita 1,000 a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu, 'yan wasa su sauka ƙafafu a kumbure, washegari a ce su shiga fili. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata wasu 'yan wasanta. Babu kwas ɗin da ke koya wa mutum yadda zai tsara 'yan baya bayan irin wannan. Idan albashi ya yi wata uku bai zo ba, ɗan wasa ba ya ganin kwamishina, koci yake gani kullum da safe, kuma shi zai lallashe shi ya yi gudu da cikin da ba shi da tabbacin abincin gobe, alhali shi ma kocin nasa albashin bai zo ba.

Can ƙasa kuwa, a filayen makarantun firamare da fegin unguwa inda sana'ar take farawa, koci shi ne komai. Shi ke tara karo-karon kuɗin riga, shi ke zuwa ya durƙusa gaban mahaifin yaro ya roƙi a bar shi ya zo atisaye bayan Islamiyya, shi ke ɗaukar wanda ya karye zuwa wurin mai ɗori. Daga nan matakala take hawa: gasar unguwanni, gasar jiha, rukunin masu tasowa na ƙasa, rukuni na biyu, sannan Firimiya. Takardar shaida ma matakala ce, daga lasisin D na hukumar ƙwallon Afirka zuwa C da B da A, sannan na ƙwararru a can sama, kuma da yawa daga cikin kociyoyinmu sun bi ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Kaɗan ne ke kai wa ƙololuwa. Ɗaya daga cikinsu ɗan Zariya ne.

Hanyar Salisu Yusuf

An haifi Salisu Yusuf a Zariya a 1962. Ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna, ƙungiyar da a ƙarshen shekarun 1980 take cikin waɗanda ake shakka a Afirka ta Yamma, sannan ya buga wa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Da ya ajiye takalmi sai ya shiga horarwa, ya yi ta yawo kamar yadda sana'ar ta gada: Lafiya, Makurɗi, Kano, Maiduguri, Aba. A 2013 ya ci Kofin Ƙalubale da Enyimba, abin da ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushe a garin da magoya baya ba sa yafe canjaras a gida. A 2016, bayan Sunday Oliseh ya yi murabus kuma Najeriya ta kasa samun gurbin gasar Kofin Afirka, aka ba shi riƙon Super Eagles na wucin gadi. Ya buga wasannin sada zumunta biyu a Turai, ya doke Mali da ci 1–0, ya doke Luzambur da ci 3–1.

Abin da ya biyo baya shi ne tsarin da ake maimaitawa a ƙwallon ƙasar nan har ya zama al'ada. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ba shi muƙamin babban koci, sannan ta nemo Bature ta ɗora a kansa da sunan mai ba da shawara kan dabarun wasa. An fara neman Paul Le Guen na Faransa, magana ba ta ƙullu ba, a watan Agusta aka kawo Gernot Rohr na Jamus. Suna na Salisu, wuƙa da nama na Rohr. Inda aka bar masa iko shi ne tawagar 'yan wasan cikin gida, kuma a nan ya nuna abin da zai iya: ya kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta Yamma a Gana a 2017, sannan ya kai wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a watan Fabrairun 2018, matakin da Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba a wannan gasa. Duka biyun masu masauki ne suka doke shi, kuma dukan ya yi muni, 4–1 a Gana, 4–0 a Kasabalanka. Masu sukarsa waɗannan alkaluma suke riƙewa. Amma ya kamata a tuna da me ya je: yaran da aka tattaro daga ƙungiyoyi daban-daban aka ba shi su na 'yan makonni, a gaban Maroko wadda manyan ƙungiyoyinta ke cin kofunan nahiya.

Idan aka jera wuraren da ya yi aiki, abin da ke fitowa fili shi ne babu inda ya zauna tsawon da zai ɗauki yaro ɗan shekara 17 ya raine shi har ya zama kyaftin. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Abdu Maikaba, wanda ya ci kofi da Akwa United a 2017, ya bi ta Bauchi da Uyo da Jos da Inugu da Kano. Ladan Bosso ma kusan babu shiyyar da bai yi aiki a cikinta ba.

Gonar aro

Dalilin wannan yawo yana cikin amsar wata tambaya: wa ke da ƙungiyar? Mafi yawan ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, Katsina United ta Katsina, El-Kanemi ta Borno, Enyimba ta Abiya. Gwamna ke naɗa shugaban ƙungiya, sau da yawa a matsayin sakayya ta siyasa, shi kuma shugaban ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, domin da zarar an yi zaɓe ko an rushe hukumomi, ya tafi. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi ba, ba zai ba wani kwantiragin shekara huɗu ba. Abin da yake buƙata shi ne sakamakon da zai nuna wa mai girma gwamna a wannan watan. Daga nan aka samu abin da duk mai bin gasar ya saba ji a rediyo, wato wa'adin wasa uku: ko koci ya ci wasanni uku masu zuwa, ko ya tattara kayansa.

Manomin da aka ba gonar aro ta damina ɗaya ba ya dasa mangwaro, ba ya ma zuba takin da amfaninsa sai baɗi. Gero zai shuka ya girbe ya tafi. Haka kocin da ke kan kwantiragin kaka guda. Idan ya ga yaro mai basira daga Zariya ko Funtuwa, ya san yaron yana buƙatar wasa 10 ko 15 na kuskure kafin ya zauna da gindinsa, kuma waɗannan kurakurai za su iya cinye masa aiki. Don haka sai ya ɗauko tsohon hannu da ya yi yawo a ƙungiyoyi shida, wanda ba zai ƙara komai ba amma ba zai ba shi kunya ranar Lahadi ba. Wannan ba rashin hangen nesa ba ne daga kocin, lissafi ne na mai iyali. Sannan ko tsohon hannun ma ba lallai shi ya zaɓe shi ba. A farkon kaka jerin sunaye kan zo daga sama: ɗan wane ne, yaron wane ne, wannan ɗan mazaɓar wane ne. Koci ya karɓa ya yi shiru, ko ya ƙi a ce ba ya da biyayya. Ranar da aka sha kashi, babu mai tuna wanda ya aiko da jerin.

"Ai ba su iya ba"

Ƙorafin farko da za a kawo shi ne duk wannan neman uzuri ne, gaskiyar magana kociyoyinmu ilminsu bai kai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An yi shekaru ba a gudanar da kwasa-kwasan manyan lasisi a kai a kai a ƙasar nan ba, kuma kocin da ba shi da mai nazarin bidiyo, ba shi da masanin motsa jiki na gaske, dole ya kasance a baya idan aka gwada shi da takwaransa na Masar ko Afirka ta Kudu. Haka kuma tunanin cewa duk wanda ya yi suna a fili zai iya horarwa ya cutar da mu. Arrigo Sacchi, wanda ya ci Kofin Turai sau biyu da AC Milan, bai taɓa buga ƙwallo a matakin ƙwararru ba, José Mourinho kuwa aikin tafinta ya yi a gefen Bobby Robson kafin ya zama babban koci.

Sai dai tarihin Super Eagles ya ba mu gwaji mai sauƙin karantawa. Clemens Westerhof na Holan ya zo a 1989. Wasansa na farko a Kofin Afirka na 1990, Aljeriya ta zuba masa 5–1. Ba a kore shi ba. Ya zo na biyu a waccan gasa, na uku a 1992, sai a 1994, shekararsa ta biyar, ya ci kofin a Tunisiya ya kuma kai ƙasar Kofin Duniya karon farko. Rohr ya yi fiye da shekara 5, abin da ya samu a Kofin Afirka shi ne na uku a 2019. To ga Shu'aibu Amodu. Ya kai Najeriya Kofin Duniya na 2002, ya zo na uku a Kofin Afirka a Mali, aka kore shi kafin Kofin Duniyar. Ya sake kai ta na 2010, ya sake zuwa na uku a Angola, aka sake cire shi, aka kawo Lars Lagerbäck na Suwidin. A duka gasannin biyu da aka hana shi zuwa, Najeriya maki ɗaya tak ta samu ta dawo gida. Matsayin da ya zama abin yabo ga Bature shi ne ya zama laifin kora ga ɗan gida. Stephen Keshi ya ci Kofin Afirka a 2013, kuma matsin da ya sha daga shugabanninsa a lokacin gasar ya kai ga ya sanar da murabus washegarin cin kofin, sai da aka lallashe shi ya janye. A wannan shekarar ya yi watanni ba albashi. Shi da Amodu sun rasu a mako guda, a watan Yunin 2016.

Maƙwabta da suka gwada haƙuri da nasu sun ga amfaninsa. Senegal ta naɗa Aliou Cissé a 2015. An fitar da shi a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 2017, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019, aka bar shi, a Fabrairun 2022 ya kawo wa ƙasar kofinta na farko. Masu goyon bayan Manchester United a gidajen kallon Zariya, waɗanda suka fi kowa saurin cewa a kori koci, sun san Alex Ferguson ya zo a 1986 kuma bai ci gasar Ingila ba sai 1993.

Dala 1,000

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma sunan Salisu Yusuf ne a tsakiyarsa. A watan Yulin 2018 BBC ta nuna wani bidiyon sirri na tawagar ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga Salisu yana karɓar kuɗi daga mutanen da suka zo masa a matsayin wakilan wasu 'yan wasa biyu, suna neman a saka su a tawagar CHAN. Masu binciken suka ce dala 1,000 ce. Shi ya ce kyauta ce bai roƙa ba, kuma 'yan wasan dama suna cikin waɗanda yake amfani da su, cancantarsu ta sa suka je. Kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon ƙafa, ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ya dakatar da shi na shekara guda, ya ci shi tarar dala 5,000. Da wa'adin ya cika ya koma aiki, ya horar da Rangers ta Inugu, daga baya aka sake ba shi tawagar cikin gida da ta 'yan ƙasa da shekara 23, waɗanda duka ba su samu gurbin gasanninsu ba.

Mai ƙorafi zai ce, ga dalilin da ya sa ba a sakar wa kocin gida ikon zaɓen 'yan wasa: in ka ba shi, sayarwa zai yi. Hukuncin da aka yanke daidai ne, kuma hujjar kyauta ba ta wanke kowa. Mun san al'adarmu ta alheri, mun san babba kan ji nauyin mayar da hannun kyauta baya, amma mun kuma san cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kocin da ya karɓi ko sisi daga wakilin ɗan wasa ya ɓata zaɓensa, ko da zaɓen daidai ne, domin yaron da aka bari a gida ba zai taɓa yarda an fi shi iyawa ba. Inda ƙorafin ya kauce shi ne maganin da yake bayarwa. Ƙwace zaɓe daga hannun koci ba ya kashe cinikin, kasuwar kawai yake mayarwa ofishin shugaba, inda babu kyamara kuma babu wanda za a kora ranar Lahadi. Shi kansa binciken na Anas bai tsaya kan masu horarwa ba, ya kama alƙalan wasa da dama, ya kuma yi sanadin faɗuwar shugaban hukumar ƙwallon Gana, Kwesi Nyantakyi. Abin da ke rage wannan ciniki sananne ne: albashin da ke zuwa a kan lokaci, kwantiragin da kotu za ta iya tilasta biyansa, da hukunci mai zafi ga wanda aka kama duk da haka. Da aka sallami Rohr a ƙarshen 2021, FIFA ya kai ƙara, aka umarci Najeriya ta biya shi. Kocin gida da ya kai ƙarar gwamnatin jiharsa ya san ya rufe wa kansa ƙofa.

To ai Pillars ta ci kofi da canje-canje

Akwai ƙorafi na uku, wanda mutanen Kano za su kawo da alfahari. Pillars, wato Sai Masu Gida, sun ci gasar ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014 a hannun mutum uku: Kadiri Ikhana a 2008, Baba Ganaru a 2012 da 2013, Okey Emordi a 2014. Ashe canza koci ba ya hana cin kofi. Amma a duba abin da bai canza ba a waɗannan shekaru. Ginshiƙan 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad suna nan, kuɗin gwamnati yana zuwa, kuma filin Sani Abacha ya zama wurin da baƙo ba ya cin wasa, har aka yi fiye da shekara 10 ba a doke Pillars a gida a gasar ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya tarihin. A gasar da kowa ke cin wasan gidansa, ƙungiya mai irin wannan katanga za ta iya ɗaukar kofi da kowane ƙwararren koci. Da an fita waje sai asiri ya tonu: bayan wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 2009, shekarar da suka fitar da Al Ahly, waɗancan kofuna uku na jere ba su kai Pillars ko matakin rukuni ba. Emordi da ya ci kofin 2014 bai ƙarasa kakar 2015 ba. Da ginshiƙan suka tsufa, babu wanda ya zauna tsawon da zai raini magadansu, kuma a 2022 ƙungiyar ta faɗa ajin 'yan dagaji.

A gefe guda ga Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, da filinta da makarantar rainon yaranta. Ta bar Daniel Ogunmodede a kan aiki kaka bayan kaka, ya zo na biyu sau biyu a jere ba a ba shi wa'adin wasa uku ba, a 2025 ya ci gasar. Misali ɗaya ba ya zama doka, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da yawa sun mutu a ƙasar nan da zarar mai su ya gaji. Amma ya isa ya nuna cewa kocin Najeriya da aka ba fili da lokaci da ikon zaɓe yana iya gina abin da za a gani.

Saura mutumin da ya yi ta leƙowa a wannan babi ba mu tsaya a kansa ba: wanda ke tsaye a bakin filin unguwa da waya biyu a hannu, yana gaya wa mahaifin yaro cewa akwai gwaji a Turai in za a sayar da fili a biya kuɗin biza. Babi na gaba zai bi wakilan 'yan wasa, na gaske da na bogi, da yadda yaro daga unguwa irin Tudun Jukun ke zama haja tun bai san farashinsa ba.